Akurkin kajina ya zama palasiyo

Laraba da dare, Gumel

Alhamdulillahi, Bilkisu ta ci jarrabawar Sifaniyancin nan, gurbin karatunta ya tabbata. In ban yabi kaina ba, wa zai yabe ni?

Sati biyu jikar tawa tana kuka, wai sunayen manyan gine-gine sun ƙi zama a kanta. Na ce, "Ke ƙawata, kai ne da ke ko ƙwarya? Taso." Muka zaga gida, tana karantowa, ni ina raɗa suna. Akurkin kaji ya zama palasiyo, wato fada. Rumbun gero kastiyo, gida mai ganuwa, tunda kullum ɓeraye na kawo masa yaƙi. Ɗakina mai yoyo kuwa mansiyon, gidan attajirai. Kullum da safe sai in ce, "Je ki palasiyo ki ɗebo ƙwai."

Yau ta dawo daga Kano, inda aka yi jarrabawar, tana haki. "Kaka, da suka nuna hoton fada, wallahi kazarki na gani!"

Na ce tukuicina farin goro. Ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi. Kewa tana nan tafe, na sani, amma ba yau ba. Ni da na tsaya a aji uku, ga shi na kai yarinya Sifaniya.