Taku Uku

Uwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Gwaggonki. Kada ki kira waya, injin yankan takarda ya gama cinye min kunne. Shi ya sa na tsinci wannan guntun takarda a maɗaba'armu.

Mun ji asibitin nan sun kira ki ganawa. Alhamdu lillahi! Shekara biyu da takardar shaidar karatunki na gwajin jini a ƙasan akwati, har kyankyasai sun kusa haddace ta. Innarki ta yi guɗa har ta manta ciwonta, ko da yake allurar sugarta ta ƙara tsada, albashina kuma yana nan tsayinsa ɗaya kamar wada.

Ga shawarar ɗan aji huɗu: duk abin da suka fara tayawa, ki ce albarka. Ki miƙe, ki juya baya, ki yi taku uku. Za su kira ki. Haka na sayi fankar ɗakinmu rabin kuɗi.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki, farfesan ciniki

Baba,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Inna ta ji sauƙi.

Na je. Sun yaba takarduna, suka faɗi albashi. Zai ishi allurar Inna har da ragowa. Na ce su ƙara. Shugabar ɗakin gwaji ta ce iyakarsa ke nan. Na miƙe, na yi taku ukun. Daga kujerar zuwa ƙofa taku bakwai ne, Baba, na ƙirga. Na riƙe hannun ƙofar ina jira. Sai na ji ta ce, "Na gaba ya shigo." Mutum goma sha ɗaya ne a kan bencin waje.

Gwaggo dai ta tambaye ni ko har yanzu ina buƙatar katifar da ta ara min.

'Yarka

Uwata,

Ina gaishe ki, idan gaisuwar makaho mai nuna hanya tana karɓuwa.

Bari in faɗa miki gaskiya. Shekara ashirin da bakwai ina gaban injin nan, ban taɓa buɗe baki na ce a ƙara min ko sisi ba. Idan manaja ya wuce har hula nake gyarawa. Jarumtata kaf a kan mai fanka ta ƙare. Na so ki yi abin da ya gagare ni, sai na ba ki aron wandon da ni ma ban taɓa sawa ba.

Na gaya wa Innarki an ɗage ganawar. Ran Litinin zan shiga wurin manaja da kaina. Wanda ya zubar da man, shi ke durƙusawa ya kwashe.

Ki gaida Gwaggo.
Babanki, an sauke shi daga farfesa

Baba,

Ina gaisuwa. Don Allah kada ka je.

Na koma. Gurbin an ba wa wani, amma suna neman mai wanke kwalaben gwaji, rabin wancan albashin. Kafin ta rufe baki na ce na yarda. Idan aka haɗa da naka, allurar za ta samu. Ka bar naka yadda yake.

'Yarka

Uwata,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta iso ran Talata.

Na shiga ran Litinin da rigar da na fi ji da ita. Na ce a duba shekaruna. Manaja ya yi murmushi, ya nuna min hoton sabon inji mai yanka da kansa, ya ce dama yana neman yadda zai fara min maganar sallama. Ban san sa'ad da na miƙe ba. Na juya, na yi taku uku, na ƙara uku, sai ga ni a bakin titi riƙe da kwanon abincina.

Wataƙila ma ya kira ni. Kin san kunnen nawa.

Ki riƙe kwalaben nan da kyau.
Babanki