Inda Ƙanena Ya Jefa Ƙuri'a

Litinin, 3 ga Maris

Yau ƙanena ya liƙa hoton ɗan takararsa a ƙofar gidansa da ke jikin nawa. Haka yake yi duk zaɓen shugaban ƙasa, saura wata guda sai ya fito da gam da burushi kamar wanda gwamnati ta aiko. Ni kuma abin da nake jira ke nan. Da ya liƙa, na san inda ƙuri'ata ba za ta je ba.

Shekara arba'in ke nan. Zaɓenmu na farko, muna cikin layi, mutane cike, ya juyo ya ce, "Yaya, bari in shiga da kai in kama maka yatsa, kada ka ɓata musu takarda." Aka yi dariya, har wani ya tafa. Shi aka kai makaranta, ni aka kai koyon gyaran keke don a samu abin saya masa littafi. Tun ranar ban ƙara jefawa inda ya jefa ba. Rubutun nan ma saboda shi na koya, da gemuna, a jikin kwalayen taya. Ba shi da kyau, amma nawa ne.

To bana namijin ya liƙa. Su biyu ne masu ƙarfi. Namijin namu ne, yarenmu ɗaya, an ce ma kakansa daga gefenmu ya fito. Ɗayar mace ce, fara, kakanninta daga hayin teku suka zo kasuwanci suka zauna.

Na daɗe a tsaye ina kallon ƙofar. Yaron nan ya sa ni a kwana.

Talata, 4 ga Maris

Satin da ya wuce, a rumfata, gaban Direba da Tela, ni da bakina na ce mace ba za ta shugabance ni ba, balle wadda ba jininmu ba. Da na jira ya liƙa tukuna.

Akwai ƙananan 'yan takara, amma jefa musu zubarwa ce. Ni so nake tawa ta cinye tasa.

Tsohuwa, matata, ta ce, "To Malam, ka zauna a gida mana ranar." Na ce in zauna tasa ta tafi ita kaɗai ba mai tare ta? Ta ci gaba da tankaɗenta.

Juma'a, 7 ga Maris

Na faɗa musu a rumfa: matar zan yi. Direba ya kusa faɗowa daga benci.

"Baba Faci, kai da kanka? Mace ta tsaya sojoji suna sara mata?"

Tela kuma ya ce ko ba komai in namu ya hau, in ya yi magana a rediyo za mu ji kamar daga zaurenmu take fitowa. Ya ce ita in ta yi yarenmu kamar tana tauna tsakuwa.

Suka tambaye ni dalili. Ba ni da shi. Na ɗaga murya, na ce ƙuri'ata ce, na buga guduma a kan abin da bai buƙaci duka ba. Na ji kunya a hanyar gida. Tsoho da furfura, a tambaye shi dalili ya kama buga ƙarfe. Dole in nemo abin faɗa.

Lahadi, 9 ga Maris

Faci shida, sarƙa ɗaya, birki biyu. Gwiwa ta yi sauƙi. Na ci na ƙoshi. Alhamdulillahi.

Laraba, 12 ga Maris

Ashe na san ta.

Direba ne ya faɗa, wai don ya ɓata ta: ita ce shugabar masu aikin hanya lokacin da aka zuba kwalta a gaban rumfata. Sai na tuna. Gajeriya, hular kwano ta yi mata yawa. Ita ce ta ce rumfata ta shigo titi da taku biyu. Na ce ba inda za ta je. Ta ce, "Baba, rumfar za ta matsa. Kai in ka ga dama ka zauna." Aka ɗage rumfar daga kaina, na zauna kan benci a rana har la'asar don kada a ce na tashi. Ban yafe ba. Na dai manta fuskar ne.

Kuma ita ce ta sa aka tone wajen kwanar nan aka sake zubawa, ɗan kwangila yana bin ta yana roƙo.

Shekara goma sha uku, titin nan bai yi rami ko ɗaya ba. Da can nan nake samun faci, yanzu keke ya wuce ni sumul, mai shi ko sallama ba ya yi. Duk keken da ya zo mini da lanƙwasasshen gargare, ba na tambaya, daga hanyar tasha ya fito. Hanyar tasha kuwa namun ne ya yi ta lokacin yana riƙe da ma'aikatar ayyuka, shekara uku da suka wuce.

Alhamis, 13 ga Maris

Yau na kwantar da su. Na ajiye gargare biyu a gaban Tela, na ce ga takardar shaidar ɗan takararka.

Ya ce, "To ai namun ne yake ciyar da kai, Baba. Butulci za ka yi masa?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce shi ya sa na san shi fiye da ku.

Direba ya koma maganar mace. Na ce motarka da kake bi da ita ta titin nan kullum, ta taɓa tsayawa ta ce ba za ta hau kwaltar mace ba? Ya ce mota daban, ƙasa daban. Wataƙila. Tela ya ce fara ce, ba za ta ji ciwonmu ba. Na ce namun da fatarsa irin tamu, ciwon bayan da hanyar tasha take sa wa mutane fa, ya ji shi?

Na dawo gida ina jin kaina sama-sama. Na maimaita wa Tsohuwa duka, har da yadda Tela ya yi da baki.

Tsakanina da takardar nan: har yanzu in na hango ta tsaye sojoji suna sara mata, wani abu yana yi mini nauyi a ƙirji. Na duba in ga mene ne, ban samu sunansa ba. Sabo ne ina jin. Haka na ji ranar da aka fara kawo kekuna masu giya.

Litinin, 17 ga Maris

Mai shayi ya ƙara mini madara. Matarsa ce ta aiko shi, na sani. Mata biyu sun gaishe ni a hanya da sunan da ban san sun san shi ba. Ba don wannan na yi ba, amma ba laifi.

Alhamis, 20 ga Maris

Ƙanena ya cire hoton.

Na fito da safe, namijin ba ya ƙofar. Matar ce a wurin, gam ɗin ma bai bushe ba. Yana tsaye da burushi a hannu. Ya ce, "Ina kwana, Yaya. Maganar titin nan gaskiya ce. Ni a jarida nake karanta su, kai a taya."

Ban amsa ba sai gaisuwar. Na hau keke, na manta jakar kayan aiki, sai da na dawo.

Tsohuwa ce ta kai masa, ba sai an gaya mini ba. Ita da shi kullum suna tsokanar juna ta kan katanga, tana ce masa ƙaramin miji. Duk abin da na faɗa a ɗaki, kafin hantsi ya tsallaka.

Juma'a, 21 ga Maris

Na tsare ta. Na ce ya san abin da nake yi duk shekarun nan?

Ta ce, "Malam, har kajin unguwa sun sani."

Ni da nake ganin sirrina ne ni da Allah.

Na ce to dabara ce ke nan. Namijin yake so har yanzu, ya liƙa matar don in koma can, ƙuri'unmu su zama biyu. Ko kuwa da gaske yake? Ta ce taku goma ne tsakaninmu, in je in tambaya. Na ce ba zan je ba.

Tana kwashe kwanuka ta ce, "Ni dai abin da na gani, shekara arba'in shi yake zaɓa maka. Ya liƙa dama ka yi hagu. Ko da hannunsa ya kama yatsan ai bai fi haka ba."

Ban ci abincin rana ba. Da yamma na ci, don ba abincin ne ya yi mini laifi ba.

Litinin, 24 ga Maris

Na gwada komawa. Na kunna rediyo a rumfa na saurari jawabin namun daga farko har ƙarshe, da zuciya ɗaya. Murya mai daɗi, yare tsaf kamar na mahaifinmu. Ya ce ku zaɓi naku. Na jira ya faɗi abin da zai yi, ya sake cewa ku zaɓi naku. Sannan ya ce wurin mace an san shi. Sannan kiɗa.

Tela ya ga fuskata ya ce, "Baba ya dawo gida." Ya miƙo hannu mu tafa. Hannuna duk baƙin mai, na nuna masa.

Ana cikin haka wata mai sayar da kayan miya ta turo kekenta, taya ta fashe, tumatir rabi ya zube a hanya, gwiwarta tana jini. Ban tambaye ta daga ina ba.

Laraba, 26 ga Maris

In na yi matar, na bi shi. In na yi namijin, ya kora ni. Ta ko'ina yana nan. Kafin a haife shi na yi shekara shida ina zaman lafiya.

Juma'a, 28 ga Maris

Na wanke farar rigata. Na goge keke.

Asabar, 29 ga Maris

Na tafi da sassafe don kada mu haɗu. Na tarar da shi a layi, mutum huɗu a gabana. Ya ce in zo in shiga gabansa, ni ne babba. Wannan kam gaskiya ne, na shiga.

A bayan labulen na tsaya har ma'aikacin ya yi gyaran murya. Na yi ƙoƙarin in cire ƙanena daga kaina, in cire Tela, in cire hular kwanon nan da ranar da na sha. Abin da ya rage titi biyu ne. Na dangwala.

Ba wanda ya tambaye ni, ban gaya wa kowa ba. Tsohuwa ta kalli yatsana ta kalli fuskata, ta ƙara mini nama.

Litinin, 31 ga Maris

Namun ya ci. Ba da nisa ba, amma ya ci.

Wajen hantsi ƙanena ya zo rumfa, wai batirin rediyonsa ya mutu. Shaguna nawa ya wuce masu sayar da batir kafin ya iso nan, ban ƙirga masa ba. Ya tsaya a bakin inuwa kamar mai jiran faci. Na matsa a benci. Benci ne mai tsawo, ba wani abu ba.

Da aka faɗi sakamakon, Tela ya fito daga shago yana rawa da tef a wuya. Na ja tsaki. Sai na ji wani tsakin a gefena, daidai da nawa, har tsawonsa. Irin na mahaifinmu. Muka kalli titi, ba wanda ya kalli wani.

Ya ce, "Kasuwarka za ta buɗe, Yaya. Shekara huɗu na ramuka."

Na ce Allah ya sa a fara da ƙofar gidan Tela. Ya yi dariya har da tari. Ya tsufa, ban lura ba sai yau. Na kira mai shayi, kofi biyu, nasa ba sukari, haka yake sha tun yana yaro.

Ya ce gobe zai leƙo. Ban ce ya zo ba. Bayan ya tafi na ɗaure ƙafar bencin nan da take rawa ta gefen da ya zauna. Dama na daɗe ina son gyara ta.