Katangar da Ke Bayan Gidanka

Zuwa ga Yayana, Malam Hamisu, a Kazaure.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Wasiƙu biyu na aiko maka daga Fatakwal, shiru. Shi ya sa na kai wannan ta ukun gidan jarida, ko wani ya karanta maka a majalisa.

Maganar katanga ce, Yaya.

Ka tuna shekarun da kuɗin fetur ya shigo, aka ba ni aikin zana lambun shaƙatawa a gindin dutse, da ginshiƙin tunawa da 'ya'yan garin da ba su dawo daga yaƙin basasa ba. Na sa aka cike gangaren da ƙasa, aka tare ta da katangar dutse. Kai ka riƙa kawo mini fura wurin aiki, kana nuna ni ga mutane.

A zanena na bar ƙananan kafofi a jikin katangar, domin ruwan da ƙasa ta sha ya samu hanyar fita. Ana saura kwana biyu buɗewa, wani babba ya zo dubawa, ya ce sun yi kama da ramukan ɓera, a toshe. Ɗan kwangila ya cusa siminti, aka shafe da farar ƙasa. Na daɗe ina zaginsu a raina. Amma a gabana aka yi, hannuna a aljihu.

Baffa Jauro, wanda muka tare wa hanyar shanu, ya tsaya ya duba ya ce, “Ɗana, mu mun kauce. Ruwan ne ban ga inda ka ce ya bi ba.” Na yi dariya.

Da ka tambaye ni ko ka sayi filin da ke ƙasanta, na ce katangar za ta ga jikokinka. Kunyar faɗin gaskiya ce ta kore ni daga gida, ba neman kuɗi ba, kamar yadda kake faɗa wa mutane.

Yanzu wani direba ɗan Roni ya ce mini katangar ta yi ciki, har bishiyoyin darbejiyar da na dasa a samanta sun karkato wajen rufinka. Ya ce maƙwabciyarka Inna Asabe na shanya wanki a jikin katangar. Ga damina ta kankama.

Ka samo kurfin fasa dutse da guduma. Daga kusurwar arewa, kowane taku uku, daidai gwiwa, ka ƙwanƙwasa. Inda sautin ya canja, nan ne kafar da aka toshe. Ka fasa. In ruwa ya tsiyayo garai-garai, da sauran lokaci. In da laka ya fito, ka kwashe yaran, kada ka tsaya ɗaukar kaya.

Ba sai ka amsa mini ba. Allah Ya tsare ku, Ya riƙe abin da ban riƙe ba.

Ƙaninka mai laifi,
Sabo