Gidan da Babu Zaure

Daren Laraba, bayan Isha'i, Bagwai. Babu wuta.

Yau na kai wa Kawu Sule zanen sabon gidansa, aikina na farko tun da na gama karatun zanen gine-gine. Irin na Faransa na yi masa: bangon gilashi, falo haɗe da kicin. Ya daɗe yana juya takardar.

Ya ce, "Hadiza, ina zaure? Baƙo ya yi sallama a ina, bakin tukunyar tuwo?"

Na ce don haske ne na yi shi a buɗe haka. Ya yi dariya, ya ɗora kofin shayinsa a kan zanen.

Ban sani ba ko zai sake nemana. Ko akwai mai buƙatar abin da na karanta a garin nan. Ko ni kaina zan yarda in zauna a gidan.