Wuƙar Baba Ukasha

Lahadi, 15 ga Disamba, 2024

Bayan sujada maza suka tsaya kan maganar watandar Kirsimeti. Sa za a sayo a Makarfi, Filibus ya yanka a harabar coci. Na ce ni akuya nake saya kowace shekara, Baba Ukasha maƙwabcinmu ya yanka, domin gidajen Musulmi su iya cin abincinmu. Filibus ya ce, "Malam Dogara, da digirinka da komai, har yanzu sai an yanka maka? Tamu wuƙar ba ta ci ne?" Aka yi dariya. Na ce a sa ni a ciki.

A hanya na gina wa kaina hujja: mai bin Almasihu ba ya bukatar hannun wani ya tsarkake masa abinci. Ban ga aibinta ba. Sai dai bayan dariyar na same ta, ba kafin ba.

Alhamis, 19 ga Disamba

Matata Rahila ta ce, "Baban Tabita, ka gaya wa Baba?" Na ce zan gaya masa.

Baba abokin marigayi mahaifina ne. Tun ban san kaina ba shi ke yi mana yankan nan. Na same shi a kan dakalinmu, inda yake shan hantsi. Muka gaisa, muka yi zancen sanyi da na rake. Ina ta neman jimlar da ba za ta yi ciwo ba, ba kuma za ta zama ƙarya ba. Ban samu ba. Na wuce makaranta.

Talata, 24 ga Disamba

Baba ya zo da safe, wuƙa a naɗe cikin tsumma. "Ina mutuniyar? Ta bana ta yi ƙiba, ko irin ta bara ce, ƙashi da addu'a?"

Na ce, "Baba, bana watanda muka shiga."

Ya dubi turken, ba komai a ɗaure. "To, madalla. Sa ai ya fi auki." Ya mayar da wuƙar aljihu a hankali. "Allah ya sa a yi biki lafiya."

Da faɗa ya yi mini, da na san abin da zan ce.

Laraba, 25 ga Disamba

Na ce a dafa wa maƙwabta shinkafa ba nama. Rahila ta ƙi. "Ni ba zan aika wa Inna Mukarrama matar Baba gayan shinkafa ba, tana jin ƙamshin miya ta katanga." Cincin kawai aka kai.

Ni na yi addu'ar salama a coci, an ce ta yi kyau. Nama da yawa ya yi saura a tukunya. Ban taɓa ganin haka a gidan nan ba.

Juma'a, 27 ga Disamba

Baba ya koma shan hantsi a jikin masallaci. Wataƙila rana ta fi a can.

Lahadi, 29 ga Disamba

Rahila ta leƙa wajen Inna Mukarrama. Ashe a ganin Baba, na lura hannunsa ya fara rawa ne, kunya ta hana ni faɗa. Har cewa ya yi, "Yaron nan mai kara ne, kamar ubansa." Kuma ɗansu Zayyad zai ɗauke su su koma wajensa a Kudan bayan sabuwar shekara.

Ke nan ya ba ni uzurin da ya fi nawa kyau. In na yi shiru, zai tafi yana ganin girmana, yana zargin hannunsa. Ba wanda zai sani. Ya Ubangiji, ka san yadda shiru yake mini sauƙi.

Talata, 31 ga Disamba

Na je da zakara. Na shirya magana mai tsari, ta watse tun a zaure. Abin da ya fito: "Baba, ba hannunka ba ne. Dariya aka yi mini a coci, na ji kunya."

Ya dubi zakaran. Sannan ya ce, "Da ka bar ni da zancen hannun, da ya fi mini sauƙi." Can kuma: "Ubanka ma an yi masa dariyar nan. Shi taya su yake yi."

Zakaran bai yanka ba. Ya ce hannun ma dai da gaske yana rawa, in kai wa liman. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya dai rako ni har ƙofa, abin da bai zama dole ba.

Ban tabbata alheri na yi masa ba.

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

Sun tafi. Na taya ɗaura kaya.

Lahadi, 5 ga Janairu

Fasto ya tambayi masu bukatar addu'a. Ban san lokacin da na miƙe ba, ni da ba na magana a taro sai na rubuta. Na ce a yi wa Baba Ukasha addu'a, da ni. Jimlar ba ta ma ƙarasa ba. Filibus ya sunkuyar da kai.

Rahila ta ce in na tashi zuwa Kudan in sanar da ita, tana da saƙon Inna. Ban ce zan je ba. Na dai duba man babur.