Fitsarin Da Na Kai Asibiti Ba Na Inna Ba Ne

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya bari in kai ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce a Makera, ina aiki a wata masaƙa a Kakuri. Uwar mijina, Inna, tare muke zaune. Tun da al'ada ta ɗauke mata take fama da ciwon fitsari mai tafiya yana dawowa: zafi kamar an zuba barkono, ciwon mara, ga zaryar bayi ba iyaka. Mu sayo kafso a kemis, ya lafa, ya sake dawowa. Ni ce wankin zannuwa, ni ce rakiya asibiti, sannan in je in tsaya kan inji har ƙafafuna su kumbura. Wallahi na gaji, irin gajiyar da barci ba ya warewa.

Da muka dace da wani likita mai kirki, sai ya ce a daina shan magani da ka. Ya ce matan da suka kai shekarunta haka ciwon ke yawan dawo musu, kuma a fitsarin ne za a ga alamar abin da ke kawo shi, a san maganin da zai kashe shi. Ya ba ni 'yar kwalba, ya ce na farkon safiya yake so. To fa! Inna ta ce, "Ni in miƙa wa matar ɗana fitsarina a hannu? 'Yar nan, in ke ba ki da kunya ni ina da ita." Na yi lallashi har bakina ya bushe. Maigida kuwa ko kusa da zancen ba ya zuwa, wai uwarsa ce, nauyinta yake ji. Sai ran nan da safe na tarar da kwalbar da fitsarin a ciki a bayan randa, an naɗe ta da tsumma. Ranar ko ido ba ta yarda mun haɗa ba.

Na jefa a jaka na shiga bas. A cunkoson wajen gada wani ya danne jakar, ashe Inna ba ta murɗa murfin sosai ba. Ina sauka na ga kwalba wayam, jaka sharkaf. Na tsaya a ƙofar asibiti kamar in kurma ihu. In koma in ce ta sake? Bayan wannan kunyar da ta haɗiye? Ga lokacin shiga aiki ya gabato, ana ta rage ma'aikata, mai makara ake fara sallama. Sai na shiga bayin asibiti na cika kwalbar da nawa. Na ce a raina ai likita ya ji bayaninta, ko yaya dai zai rubuta magani.

Bai rubuta ba. Ya duba sakamako ya ce fitsarin tas yake, babu ƙwayar cuta, wataƙila tsufa ne da yawan tunani. Tun daga ranar Inna ta zama mai raki a gidan. Maigida ya ce, "Inna, likita fa ya ce lafiyarki ƙalau, a rage sa abu a rai." Ita kuwa ta daina faɗin ciwonta. Sai dai in ga ta fito daga bayi tana dafa bango, idonta jajir. Kwanan nan zazzaɓi ya fara, tana riƙe kwiɓi, kuma likitan nan ya taɓa ce mana in aka bar ciwon yana hawa ƙoda.

Jiya ina shafa mata man zafi a baya, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, ki yafe mini. Ashe ba ni da komai nake ta wahalar da ke."

Na ci gaba da shafa mata man. In na faɗi gaskiya, maigida zai ji ni ce na mai da uwarsa mai raki, ban san ko zan ƙara kwana a gidansa ba. In na yi shiru, ta riga ta rantse ba za ta sake taka asibiti ba, wai ta gama zubar da girmanta a banza. Na roƙo sabuwar kwalba wurin wata nas, tana nan cikin jakata, amma ban san da wane ido zan dubi Inna in miƙa mata ba. Anti, me zan yi?