Gwiwata da Alkawarin Nana Hauwa

Ƙofar Marke, Sakkwato
Watan Rajab

Zuwa ga ɗiyata Ni'imatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Jinaidu da yara. Yaya kasuwar shanu? Mu nan sai godiyar Allah.

Takarda na rubuto miki don a waya ba ki barina in kai ƙarshen magana. Kujerar salla da kika aiko ta iso, Allah shi yi miki albarka. Amma zancen in tattara in koma Kano in huta, ki bar shi. Ba inda za ni.

Kin san Nana Hauwa ta Gidan Dare. Tun kina goye ni da ita muke wankan gawar mata a unguwannin nan, tana zuba ruwa ina wankewa. Tun lokacin munka yi alkawari, duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta. To, Nana Hauwa na kwance, ciwon ƙoda ne, likitoci ma sun sallamo ta gida. Da na je gaishe ta, ta riƙe hannuna ta tuna mini. Akwai abin da ke jikinta da ba ta son idon kowa ya gani sai nawa, kuma ko ke ba zan faɗa miki ba.

Ga ni kuma da gwiwa awa itace. Wanka a ƙasa ake yinsa, a durƙushe, ni kuwa rabona da kai gwiwa ƙasa har na manta. An yi mini ƙaho ya fi a ƙirga, na sha man zafi, daga baya na ɗaure ta da tsumma na daina motsa ta, wai ta huta. Ashe ƙara sandarewa take yi.

Yayanki Jafar ya kai ni asibiti, sashen gashin ƙashi. Wadda ke duba ni sunanta Deborah, mutuniyar Zuru, 'yar siririya, amma hannunta sai ka ce na mai daka. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce guringuntsin gwiwar ya cinye kuma ba ya dawowa, amma da hannu da motsa jiki ana iya samun sauƙin ciwo, gwiwar ta ƙara lanƙwasa. Tana kwantar da ni ta kama ƙoƙon gwiwar tana gusa shi nan da can, ta ja ƙaurin a hankali, ta tausa cinyar, sannan ta lanƙwasa ƙafar har inda na ce ya isa, ta tsaya nan tana jira. Ba allura, ba wuƙa. Na fito ina gumi, ina yi mata tsiya a zuci, amma zan koma.

Ki gaishe mini da surukanki.

Mahaifiyarki,
Mariyatu

Ƙofar Marke, Sakkwato
Watan Sha'aban

Ɗiyata Ni'imatu,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikin ɗan autanki, haƙoran sun fito? Allah shi raya.

Na san Jafar ya riga ya kai miki tsegumi, to ki ji daga bakina. E, na faɗi. An aiko mini cewa jikin Nana Hauwa ya tashi, hankalina ya tashi shi ma, na ce bari in gwada durƙusawa a tsakar gida in gani. Na kai ƙasa, tashi ya gagara. Nan na zauna awa buhun gero har matar Jafar ta dawo daga unguwa ta ɗaga ni. Gwiwar ta kumbura suntum. Na yi kuka ranar, Ni'imatu, ba don ciwon ba, don na hango wata na wanke mini ƙawa ina zaune kan kujera ina kallo.

Deborah ta yi mini faɗa sosai, yarinyar da na haifi wadda ta girme ta. Ta tambaye ni gaggawar mi nake yi. Da ban yi niyyar faɗa mata ba, don na ɗauka abin zai ba ta tsoro, sai kawai na faɗa. Ta sa na kwatanta mata aikin duka: ina nake durƙusawa, wane gefe nake fara juya mamaciya, yaya nake miƙa hannu. Ta ce: "Mama, tsugunno kam ki manta da shi. Amma durƙuso a kan matashi, in kin bi ni a hankali, za mu gwada."

Sai da kumburin ya saɓe ta ci gaba da aikin hannunta. Yanzu bayan ta gama tausa da lanƙwasawa, koya mini sauka take yi. In dafa abu mai ƙarfi, in fara kai gwiwar da ta fi lafiya, in bi da ɗayar, in kuma tashi da ƙarfin cinya da hannu. Ta tambayi abin da ke gidanmu wanda ba ya gocewa, na ce turmi. To turmin sakwararki na kife, shi nake dafawa safe da yamma, Jafar na tsaye kusa. Jikoki na dariya wai Kaka na kokawa da turmi. Su yi ta yi.

Nana Hauwa ta rame ƙwarai. Na ce mata kada ta kuskura ta yi mini sauri, gwiwata ba ta gama shiri ba. Ta yi dariya har da tari, ta ce tun muna 'yan mata ni ce mai sa a jira ni.

Ki sa mu a addu'a cikin azumin nan da ke tafe.

Mahaifiyarki,
Mariyatu

Ƙofar Marke, Sakkwato
Bayan ƙaramar Salla

Ɗiyata Ni'imatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun yi Salla lafiya. Na ji gaisuwar ta'aziyyarki a bakin Jafar, ban karɓi wayar ba don muryata ba ta fita.

Nana Hauwa dai, Allah ya karɓi abinsa ranar Laraba da hantsi. Jafar ya ɗora turmin a Keke Napep, ni da matashina a baya, mutanen Gidan Dare na kallonmu suna mamakin mi turmi ya zo yi gidan rasuwa. Matan gidan sun so su kira wata, don tausayina. Na ce su ba ni ruwa da ganyen magarya, su fita. Babbar ɗiyarta kaɗai na bari, tana zuba ruwa daga bayan zane.

Na dafa turmi na sauka, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar. Ta yi ciwo, ba zan yi miki ƙarya ba, amma ta kai.

Kin san kafin wanka akan tausasa gaɓoɓin mamaci. Da na kama ƙafar Nana Hauwa, ta fara sandarewa. Sai na ga hannuna ya shiga ƙarƙashin gwiwarta, ɗayan ya riƙe ƙaurin, ina ja a hankali, ina lanƙwasawa, ina tsayawa in jira, daidai yadda Deborah ke yi mini. Shekara da shekaru ina wanga aiki, ban taɓa yinsa da taushi irin na ranar ba. Na wanke ta tas, na sa mata kafur, na suturta ta. Abin da ta ba ni amana ya bi ta cikin likkafani. Sannan na dafa turmi na miƙe da kaina.

Na kwana biyu ƙafar na zogi. Da na koma asibiti na ba Deborah labari, ta juya baya tana gyara zanen gado da bai ɓaci ba. Ta ce kada in daina zuwa, kada in bar motsa ƙafar, in ba haka ba za ta sake sandarewa. Ba zan bari ba.

Saura magana ɗaya, kuma kada ki ce ina yi wa kaina fatan tsiya. Alkawarinmu na mutum biyu ne, ni na cika nawa, wadda za ta cika mini ta tafi. In yara sun samu hutu, ki roƙi Jinaidu ya bar ki ki zo. Ba ɗaukata za ki zo yi ba. Ki zo in koya miki wankan nan da hannuna, tun gwiwar tana yarda in kai ƙasa.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Mahaifiyarki mai jiranki,
Mariyatu